Inda Kaka Take Kashe Bidiyo

Shekara shida ke nan da rasuwar Kaka, mahaifiyar babana, Allah Ya jiƙanta. Ita ce mutum ɗaya a duk Malumfashi da ke fassara fim ɗin Turawa ba ta san ko "zo" da Turanci ba.

Kaset ɗaya gare ta, wani tsohon shirin kaboyi da aka naɗo daga talabijin tun Baba yana yawo ba wando. Jaruman shirin ba su dame ta ba. Tata ita ce wata Baturiya mai busasshiyar fuska da ta fito sau ɗaya tak, wadda ko sunanta ba wanda ya riƙe. Kaka ta raɗa mata Larai. Mijin Larai ya mutu, mahaya dawaki da bindigogi sun zo su kore ta daga gonarta.

"Maigida, matso ka ji," haka Kaka ke ce mini. "Cewa ta yi, kai mai ƙatuwar hula, uwarka ce ta yi mini sharar gonar?"

Mun kalli kaset ɗin har dawakan suka rame. Amma da zarar Larai ta tsaya bakin ƙofa da bindiga, sai Kaka ta kashe bidiyo. "Ta kore su. Ku tashi ku yi alwala."

Yau da Kaka za ta leƙo, za ta tarar mahayan sun iso har gonarmu ta bayan Ƙarfi. Babura suke hawa, kuma ba mai kashe su da maɓalli. Maƙwabtanmu na gona sun bar masararsu a tsaye. Baba kuwa kullum da safe sai ya buga babur ɗinsa. In Umma ta roƙe shi, sai ya ce, "Ko Larai ba ta gudu ba." Ni da aka sani da surutu kamar rediyon mai shayi, yanzu la'asar na yi sai in yi tsit, kunnena na kan titi.

Kwanan baya wani abokina ya tono mini shirin a waya. Na wuce inda Kaka ke kashewa. Jama'a, Larai ba ta kori kowa ba! Ajiye bindigar ta yi, ta loda 'ya'yanta a keken doki, ta tafi tana waiwayen gonar. A nan ma ta fi iya wasan, da ido kawai ta sa ni hawaye.

Na ruga wajen Baba yana ɗaura fartanya a babur. "Baba, Kaka ta yi mana wayo! Larai tafiya ta yi!"

Ko wayar bai kalla ba. "Na sani. Wa kake zaton yake mayar mata da kaset ɗin baya zuwa farko?"

"To, ka bar gonar mana."

"Sai na cire masara. In ban ciro ba, me za ku ci?"

Ban san me Kaka za ta ce masa ba. Wataƙila ta zage shi ta ɓoye makullin babur ɗin, wataƙila ta raka shi da taɓarya. Abin da na gane shi ne ta san ƙarshen sarai, ta zaɓi ta tashe mu tun Larai na tsaye. Taurin kan ta bar wa Baba, bakin ta bar mini.

Masarar ba ta gama bushewa ba. Jiya ƙanwata Hafsatu ta tambaye ni ko mutanen dajin za su kama Baba. Na ce mata ai ya kore su, ta tashi ta yi alwala. Da ta shige, na koma bakin ƙofa ina sauraren babur.