Ɗiyar Gado Mai Alkama

A Jiratawa aka haifi Tasalla, a gidan Gado, wanda duk mutanen bakin Gulbi suke kira Gado Mai Alkama. Yawancin manoman garin hatsi da dawa suke yi da damina, in sun girbe su huta. Shi kuwa da ruwa ya ɗauke sai ya sauka fadama, ya yashe rijiyoyinsa, ya kafa jigon ɗiban ruwa, ya shuka alkama fangali bayan fangali. Aiki ne mai karya baya, amma shi ya yi masa suna. Matarsa Atika ita ke sarrafa abin da ya nomo: alkaki na biki, finkaso, da taliyar hannu da take shanyawa a tsakar gida. Har daga Maraɗi ake aiko wa Atika a ce ta yi wa amarya alkaki.

Tasalla lafiyayyar jaririya ce har aka yaye ta. Daga nan ta fara zawo, cikinta ya kumbura, hannuwa da ƙafafu suka zama kamar karan dawa. Aka ce haƙora ne. Haƙora suka gama fitowa, zawon bai tsaya ba. Da yake ita ce marar ƙarfi cikin ƴaƴan gidan, sai aka riƙa fifita ta wajen abinci. Ƴan'uwanta su sha hura su tafi wasa, ita kuwa uwarta ta ajiye mata finkaso mai zafi, ta ɗiga masa zuma, ta zauna a gabanta sai ta cinye.

"Ci, ɗiyata," in ji Atika. "Wannan abincin sarakai ne. Shi za ya tada ki."

Haka ta girma, gajeruwa, siririya, kullum tana duban inda makewayi yake kafin ta zauna a gidan mutane. Bakinta ba ya rabuwa da ƙuraje. Amma tana da hannu. Tun ba ta isa aure ba ta fi uwarta iya murza alkaki, ta san daidai tsamin da kwaɓin ke so da ɗanɗano ɗaya a kan harshe.

Ilyasu baduku ne a Maraɗi, yana ɗinka jakunkuna da kuben wuƙa a bakin kasuwa. Ya gan ta ran da ta rako uwarta kai alkaki, ya nema, aka ba shi. Mutum ne mai haƙuri, marar yawan magana. A gidansa ta kafa tata sana'ar, kuma ba a jima ba matan attajirai suka san ƙofarta. In ana biki a unguwa, to Tasalla tana kan dutsin niƙa tun hantsi, garin alkama ya yi mata fari a gira da hannuwa.

Ciwon kuwa ya biyo ta gidan miji, ya ma ƙaru. Ta sami ciki ya zube. Ta sake samu, ya sake zubewa. Ilyasu ya karɓo rubutu wurin malamin unguwa, ta sha. Ya sayo saiwoyi wurin masu magani, ta jiƙa ta sha har harshenta ya yi baƙi. Daga baya ya kai ta likita, wato asibitin da Nasara suka gina kusa da bariki. Anfirme, mai duba marasa lafiya a wurin, ya danna cikinta, ya ja fatar idonta ya duba, ya ce atuni ne, ya yi mata allurai masu zafi. Da ta koma ba sauƙi, ya sake yi mata. A zuwa na gaba ya girgiza kai, ya ce shi dai abin da yake da shi ke nan.

Sai shekarar da Gulbi ya cika ya shiga gari. Ruwa ya jiƙa gidajen ƙasa suka riƙa zubewa, nasu ma ya faɗi, dutsin niƙanta da kaskon suya suka nutse cikin laka. Kumandan, Banasaren da ke mulkin garin, ya ce kowa ya tashi ya koma kan tudu, can za a yanka wa mutane filaye. Ilyasu ya ga ba zai iya gini da mace marar lafiya a cikin bukka ba, sai ya ɗora ta a jaki ya kai ta Tsibiri, wurin ƙanwar ubanta, Gwaggo Ramatu.

Gwaggo Ramatu gwauruwa ce, ba ta da komai sai rumbun hatsi da awaki. Da rana hura da nonon akuya, da marece tuwon hatsi da miyar kuka, wani lokaci dafaffen wake. Kullum sai ta ba Tasalla haƙuri.

"Ki gafarce ni, ɗiyar ɗan'uwana. Nan ba gidan Atika ba ne. Abin da muke da shi ke nan."

Kafin a girbe hatsi Tasalla ta lura cikinta ya daina ƙugi. Wata rana ta yi wuni guda tana taya Gwaggo sussuka, sai da rana ta yi sanyi ta tuna ba ta nufi makewayi ba ko sau ɗaya. Ta tsaya da taɓarya a hannu, ta rasa wa za ta gaya wa. Ƙurajen bakinta suka warke. Kumatunta suka ciko. Ran da Ilyasu ya zo dubanta ya tarar da ita ɗauke da tulu daga rijiya, ya tsaya a ƙofar gida yana kallonta kamar baƙuwa. Kowa ya ce ruwan Tsibiri ne ya karɓe ta.

Da rani ya yi, Gado ya girbe alkamarsa, ya ɗauko buhu guda a jaki ya kawo wa ƙanwarsa godiya. Tasalla ta yi murna, ta ari dutse a maƙwabta ta niƙa, ta soya finkaso don Gwaggo ta ga irin hannunta. Suka ci su duka. Washegari Gwaggo ta tashi garau, Tasalla kuwa ta kasa miƙewa. Ta daɗe a kwance kafin ta warware. Da ta warware, maƙwabciya ta roƙe ta alkaki na suna, ta yi, ta ɗanɗana kamar yadda ta saba, ta sake kwanciya.

Gwaggo ta zauna a bakin tabarmarta tana mata fifita.

"Tasalla, mi kika ci ran nan da ciwon ya taso?"

"Finkaso, Gwaggo."

"Jiya hwa?"

Tasalla ta tuna alkakin da ta ɗanɗana.

"Ni ba boka ba ce," in ji Gwaggo. "Amma ina da akuya guda, in ta ci ganyen rogo sai ta kumbura, ƴan'uwanta su ci su kwana lahiya. Ba ruwan Tsibiri ba ne ya warkar da ke. Talaucina ne."

Tasalla ta juya fuskarta ga bango ta yi kuka. Ba ciwon ne ya sa ta kuka ba. Uwarta ta tuna, zaune a gabanta da kwanon zuma.

Ta koma Maraɗi, sabon gida a kan tudu, ta gaya wa Ilyasu. Ya ce shi bai taɓa jin abinci ya ƙi mutum ba, amma idonsa ya gani, don haka ta daina ci. Ta bar alkama. Ba a jima ba ta sami ciki, kuma wannan karon ya zauna.

Iyayenta ne ba ta san yadda za ta yi da su ba. Ta gaya wa uwarta a keɓe, Atika ta ce iska ce ko sammu, ta hana ta maimaita wannan magana a gaban ubanta. Amma magana ta kai masa. Bai ce mata komai ba, har ranar bikin ƙanwarta a Jiratawa. Gida cike da mata, Gado ya shigo har tsakar gida, abin da bai saba ba, ya ɗauki alkaki daga cikin kwando ya miƙa mata da hannunsa.

"An ce kin ce alkamata ke kashe ki."

"Baba, ban ce haka ba."

"To karɓi. Da ita na ciyar da ku duka. Da ita na yi miki aure. Karɓi ki ci, mutane su gani."

Tasalla ta dubi uwarta, uwarta ta sunkuyar da kai. Cikinta ya fara fitowa a lokacin, kowa na gani. Ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, ta ci. Ya miƙo wani, ta ci.

Ba ta ga kai amarya ba. A ɗakin uwarta ta kwanta, tana amai da zawo har ba ta iya ɗaga kai, ana ɗaukar ta zuwa makewayi ana mayarwa. Atika ta riƙa ɗura mata ruwan hura da ludayi. Ilyasu ya zo daga Maraɗi ya zauna a zaure. Allah ya tsare cikin bai zube ba.

Ran da ta fara zama, Gado ya zo bakin ƙofar ɗakin ya tsuguna. Bai shiga ba. Ya daɗe yana wasa da ƙasa da yatsa.

"Tun kina yarinya ke nan?" ya ce.

"Allah ne ya sani, Baba."

"Mu muka riƙa ba ki."

"Ba ku sani ba."

Sa'an nan ya ce, kamar da kansa yake magana, "To ni mi zan noma?"

Da sanyi ya shigo ya sauka fadama ya kafa jigonsa kamar kullum, don shi ke ciyar da gidan. Sai dai daga ranar bai ƙara iya haɗa ido da ita ba. In ta zo gida sai ya ce yana da aiki a lambu.

Ta haifi ɗiya mace, aka sa mata Maijidda. Ita kaɗai ta samu.

Sana'ar ce ta fara lalacewa. Ta gwada yin alkaki ba tare da ta ɗanɗana ba, sai wani ya fito da tsami, wani ba tsami. Ko ba ta kai baki ba, in ta wuni cikin garin sai cikinta ya motsa. Matan attajirai suka koma wata ƙofa. Ta koma dama hura tana sayarwa, amma a unguwar kusan kowane gida akwai mai hura.

Garin kuma ya sake. Kamyo, manyan motocin kaya, suka riƙa shigowa ɗaukar gyaɗa, suna sauke buhunan fulawa a kantuna. Aka gina wurin gasa burodi kusa da tasha. Alkama da a da sai ranar biki, yanzu ta shiga ko'ina. Masu ɗanwake suka fara zuba fulawa don ya yi laushi. Mai ƙosai ta soya fanke a man da za ta soya ƙosai. Tasalla takan tsaya gaban mai talla ta tambaya, "Ba ki sa fulawa ba?" A ce mata a'a don kada ciniki ya wuce, ta saya, ta kwanta. A ƙarshe ta daina cin duk abin da ba hannunta ya dafa ba. In za ta biki sai ta tafi da ƴar ƙwaryar hurarta a ƙarƙashin mayafi. Mata suka sa mata suna mai tsirfa. Wasu suka ce tana tsoron a sa mata magani ne, suka ji haushi, suka daina gayyatarta.

Kuma ko da duk wannan kiyayewa ba ta koma yadda take a Tsibiri ba. Ƙasusuwanta na ciwo, haƙoranta suka fara zubewa tun ba ta tsufa ba. Wani lokaci ciwon ya taso, ta zauna ta bi duk abin da ta ci ɗaya bayan ɗaya, ta kasa gano inda ya shigo. Ba wanda za ta tambaya. A duk Maraɗi ba ta taɓa haɗuwa da mai irin ciwonta ba, ba ta ma san sunansa ba.

Maijidda kuwa tun yaye ba ta bari ta taɓa alkama ba. Yarinyar ta tashi da ƙibarta. Da ta isa, aka rubuta ta lakwal, makarantar boko, ta fara fita inda idon uwarta ba ya kaiwa. Wata rana ta dawo tana dariya, ta ce ƙawarta ta gutsura mata burodi, kuma bai yi mata komai ba. Tasalla ba ta dake ta ba. Ta zuba mata ido kawai.

Washegari yarinyar ta tashi da zawo. Lokacin zafi ne, yara da yawa a unguwar suna zawo. Ilyasu ya ce kila ruwan randar lakwal ne. Tasalla ta ce kila. Hanya ɗaya ce za a sani, a jira ta warke a sake ba ta, kuma Tasalla ta ce ba da hannunta ba.

Da yarinyar ta sami sauƙi, ta zaunar da ita a gindin turmi ta faɗa mata abubuwan da ba za ta karɓa a hannun kowa ba: burodi, fanke, alkaki, taliya, ɗanwaken talla.

"Ko an ba ni kyauta, Inna?"

"Ko an ba ki kyauta. Ki ce kin ƙoshi, ki yi godiya."

"Ni ma ina da ciwonki ne?"

"Ban sani ba."

"To har yaushe?"

"Shi ma ban sani ba, Maijidda."

Tasalla ba ta ga tafiyar Nasara daga ƙasar ba. Zazzaɓin damina ya kama ta, irin wanda wasu kan kwanta su tashi, jikinta bai da abin da zai riƙe shi da shi, ta rasu. Ilyasu ya mayar da Maijidda Tsibiri wurin Gwaggo Ramatu, wadda a lokacin ta tsufa ƙwarai, ya riƙa zuwa dubansu ranar kasuwa.