Gashin da Aka Samu a Ƙunshin Kawu Pandol

Ranar ashirin ga watan biyu, ina tsaka da dakan gero, maƙwabciya ta leƙo ta kan danga ta ce ƙanƙarar kogin Duman ta fashe da kai, Kawu Pandol. Taɓarya ta suɓuce mini. Kai da duk garin Musan babu wanda ya kai ka sanin inda ƙanƙara ke iya ɗaukar nauyin mutum? Ga shi na zauna ina rubuto maka. Rubutun ma sai da na yi furfura matarka ta koya mini.

Hukuncin wanda ya ƙetare kogin nan zuwa ƙasar Sin sare kai ne, shi ya sa ba mai cewa ya ƙetare, sai dai a ce an tafi tsibiri. Shekarar yunwa ɗana Gwinam ya tafi tsibiri noma, bai dawo ba. Kai kaɗai ke ƙetarewa a ɓoye kana kawo mini labarinsa.

"Uwar Gwinam, ɗanki ya yi ƙiba kamar alade. Daina kukan nan, kada kogi ya cika in rasa hanya."

"Kawu, yana da rigar sanyi kuwa?"

"Har biyu! Ni da ke ne matsiyatan."

Ko ruwan zafi ba ka taɓa yarda na dafa maka ba. Sai ka ce in adana itacena.

Da aka tsamo ka, matarka ta kwance ƙunshin da ke bayanka. A ciki akwai tukkun gashin namiji, ɗaure da shuɗin zaren da na kaɗa wa Gwinam da hannuna. Mu ba ma yanke gashin da iyaye suka ba mu. Ko dai Gwinam ya mutu an aiko mini abin binnewa, ko kuwa ya miƙa kai an aske shi, ya bar jelar gashi a ƙeya irin ta mutanen can don a ba shi gona. Wanne ne, Kawu? Amsar tana bakinka ruwa ya rufe shi.

Mai Sama ya ji ƙanka, kakanninka su tarbe ka da wuta mai ɗumi. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka ta'aziyya, ina kuma neman gafararsu, don saƙona ka ɗauko.

Gobe zan zuba wa matattu shinkafa. Naka kwanon yana nan. Na Gwinam ne na ɗauko, na mayar, na sake ɗaukowa.