Jinjirin Wata a Ƙasan Waigi

Baba kafinta ne, rumfarsa tana jingine da katangar gidanmu a Limawa. Yana yin ƙofofi da benci da allunan karatu, amma abin da ya sa direbobi suka san ƙofar gidanmu shi ne waigi. Ba irin wanda ake cusa wa babbar mota a gindin taya idan ta tsaya a gangare ba. Nasa na babur ne: guntun itace mai buɗaɗɗen baki, kamar an haɗa tafin hannu biyu za a karɓi ruwa. A kafe shi da ƙusa a daɓen tirela, a tura tayar gaba ta shige ciki, sai babur ya tsaya cak har inda za a sauke shi.

Bayan an ba mu jiha, Dutse ta cika da baƙi. Ma'aikata suka tare a Takur, samari suka rungumi acaɓa, aka riƙa jigilar babura daga Kano zuwa garinmu, daga nan wasu a wuce da su Ringim da ƙauyuka. A duk shekarun nan ba a taɓa cewa babur ya faɗi a kan waigin Baba ba. Wannan ce kaɗai dukiyar da na taɓa jin yana alfahari da ita, shi ma a hankali yake faɗa, kansa a sunkuye.

Ina 'yar shekara tara na fara zama a bakin rumfar ina kallonsa. Ƙirya, itace mai nauyi da tauri, ita kawai yake amfani da ita. Idan aka kawo masa farin katako irin na akwatin kaya, sai ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce, "Wannan ai biskit ne." Yakan ƙwanƙwasa itace ya kara a kunne, kamar mai sauraron sallama daga cikin gida. Sannan ya auna faɗin taya da yatsunsa, domin idan bakin waigi ya yi faɗi babur zai yi ta rawa, idan ya matse kuma ba zai shige har ƙarshe ba.

Kafawar ma da kansa yake yi. Yakan hau tirela ya durƙusa, ya laluba inda gungumen da ke ƙarƙashin daɓen ya bi, don ƙusa ta kama abu mai ƙarfi. Layin farko yakan bar kamu ɗaya tsakaninsa da bangon gaba, kada fitila ta daki ƙarfe idan an taka birki. Ba ya jera su kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya gaba, ɗaya baya kaɗan, yadda hannuwan babura ba za su sarƙe ba. Igiya kuma ta ja gaba ta ja ƙasa, har gaban babur ya ɗan durƙusa.

"Uwata," yakan ce da ni, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "babur kamar baƙo yake. Ki ba shi wurin zama daidai shi, ba zai dami maƙwabcinsa ba."

Ni kuwa a lokacin tunanina yana can wani wuri. Ina ganin waigin nan sun fi ni sa'a: za su ga Kano, za su ga kogi, ni ina nan. Wata rana na sa ƙusa a murhun Inna ta yi ja, na zana jinjirin wata a ƙasan ɗaya daga cikinsu, don wani abu nawa ya bi su. Na zaci zan sha faɗa. Baba ya juya shi ya duba, ya yi murmushi, ya turo mini sauran. Tun daga ranar babu waigin da ya bar rumfarmu ba tare da watana ba. A ƙasa yake, inda ke kwanciya a kan daɓe, ba mai ganinsa. Daga ni sai Baba muka sani.

Direban da ya fi kowa zuwa shi ne Kawu, ƙanin Inna. Tirelar wani Alhaji mai sayar da babura yake ja, kuma Baba ne ya kai shi wurin Alhajin ya tsaya masa. Dogo ne mai dariya da dukan jikinsa. Tun daga bakin layi muke jin muryarsa.

"Yaya, har yanzu kana nan kana shafa itace kamar amarya?"

"Ina nan, sarkin gudu. Wace akuyar ka marayar da 'ya'yanta yau?"

"Wallahi ita ta zo ta same ni!"

Sai ya leƙo cikin gida ya ce, "Ina 'yar boko?" Ya zaro littafin rubutu daga aljihun gaba, sabo, mai ƙamshin kanti. Duk waƙoƙin da na fara rubutawa a cikin littattafan Kawu na rubuta su. Shi ya gaya mini yadda hantsi ke kwanciya a kan ruwa a hanyar Ringim, da yadda masu lambu ke jera tumatir a bakin titi kamar an zubar da murjani. Na yarda da shi yadda ake yarda da ƙasar da ake takawa.

Abin ya faru ina ajin ƙarshe a sakandare, shekarar da aka fara shari'ar Musulunci. A lokacin ko gardamar kuɗin cefane aka yi, sai ka ji wani ya ce a ɗauko Alƙur'ani. Wata Laraba aka zo da labari cewa Kawu ya taka birki saboda shanu a hanyar Ringim, baburan da ke bayansa suka kwanta a kan juna tun daga gaba har baya. Ba wanda ya ji rauni. Amma fitilu sun farfashe, tankuna sun lotse, sababbin babura sun koma kamar an kwaso su daga bola.

Washegari Kawu ya zo. Bai kira ni ba, bai yi wa Baba tsiya ba. Ya ajiye wani abu a zaure, na ji yana cewa, "Waigi ne ya tsage, Yaya. Haka na gaya wa Alhaji. Gobe bayan la'asar zai zo da Liman a zauna."

Da na fito shara na ga abin a jingine da bango. Waigi ne, ya rabe biyu, baƙi ƙirin. Na sunkuya na ɗauka, sai hannuna ya tashi sama da sauri, don na shirya wa nauyin ƙirya ban same shi ba. Yatsuna suka yi baƙi. Baƙin mai aka shafa masa. Cikin tsagewar fari ne tas. Na juya ƙasansa, na goge da bakin zanena, na sake gogewa. Babu watana.

Na same Baba a rumfa yana fere ƙafar benci.

"Baba, ba namu ba ne."

"Na sani, Uwata. Tun yana hannunsa na gani."

"To me ya faru?"

Ya ajiye abin aikinsa. Ya ce da safe ya je inda tirelar take, ya hau. Ramukan ƙusoshinsa suna nan a inda ya kafa su, fanko. An ciccire waiginsa an matsar da su har jikin bangon gaba, an jera su kafaɗa da kafaɗa, an cike gurbin da aka samu da wasu na farin katako. Kawu ya ɗauki ƙarin babura na wani mutum daban, ba da sanin Alhaji ba, ya sauke su kafin labari ya iso gari.

"Gobe sai ka faɗa musu," na ce. "Ka nuna musu watan. Ni ma zan faɗa."

Ya ɗauki ƙafar bencin ya ci gaba.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zauna a zaure: Baba, Kawu, Alhaji da Limamin unguwarmu. Ni ina tsaye a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Inna tana bakin murhu, ta sa tukunya amma ba ta hura wuta ba.

Alhaji ya yi magana a natse. Ya ce shi bai zo neman ramuwa ba, abin da ya lalace ya lalace. So yake ya san aikin wa ne ya ci amanarsa, don ya san wanda zai sake ba wa kayansa. Kawu ya ce yadda aka kafa masa haka ya tafi da su, bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Baba ya ce shi ƙirya yake aiki da ita, kowa ya sani.

"Kowa ya sani da," in ji Kawu. "Yanzu ƙirya ta yi tsada, Yaya. Ba abin kunya ba ne."

Na dafe bango. Muryar nan ce dai, wadda ta ba ni labarin hantsi a kan ruwa.

Alhaji ya ce tunda magana ta zama biyu, a ɗauko Alƙur'ani, direba ya dafa. Liman ya yi gyaran murya, ya tambayi Kawu ko ya san nauyin abin da zai ɗauka. Kawu ya ce ya sani. Sai ya ɗaga murya ya ce, "A miƙo mini buta daga ciki."

Ni ce a kusa. Na cika buta na kai bakin ƙofa. Ya karɓa, ya dube ni, har ya yi ɗan murmushi.

"Sannu, 'yar boko."

Na ji ƙarar ruwa a kan ƙasa. Ya wanke hannu, ya kurkure baki. Ina jira ya tsaya. A raina ina cewa idan ya kai fuska zai tsaya, idan ya kai ƙafa zai tsaya. Bai tsaya ba. Ya kammala alwalarsa tsaf, ya koma ya zauna, ya miƙa hannu wajen jakar Alƙur'anin da ke gaban Liman.

"Malam, kada a buɗe jakar nan," in ji Baba. "A bar rantsuwa. Na ɗauka."

"Ka ɗauki me?" Alhaji ya tambaya.

"Duk abin da za a ce. Na ɗauka."

Bai ce waiginsa ba ne. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba, ranar ma bai yi ba. Amma kowa a zauren abin da ya ji ke nan. Alhaji ya ce, "Allah ya kyauta," ya nemi takalmansa. Maganar tana bakina, ƙofa ce kawai tsakanina da su. Amma ban taɓa sa baki a zancen manya ba, kuma Baba ya riga ya rufe. Na tsaya riƙe da butar da Kawu ya miƙo mini, fanko.

Da suka watse na ce, "Baba, don me?"

Ya dubi wajen murhu, inda Inna take zaune ta rufe fuska da mayafi.

"Kin ga ya yi alwala. Da gaske zai dafa. In ya dafa a kan ƙarya a zaurena, abin da zai same shi ni da mahaifiyarki za mu yi jinyarsa, a nan da can. Suna kuwa ana sake yinsa." Ya juyo gare ni. "Zai dawo da kansa ya gyara. Na san shi tun yana yawo ba wando."

Muka jira. Labari ya zaga tasha cewa kafintan Limawa ya fara shafa wa farin katako baƙin mai. Direbobin da ke cika bakin rumfa suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wani ma da ya zo sayen benci sai da ya kankare ƙasansa da farce a gaban Baba. Baba ya miƙa masa wuƙa don ya kankara da kyau. Guntayen ƙiryar da ya tara suka zauna a lungu, gizo-gizo ya yi musu rufi.

Kawu ya zo da Sallah, ya ci tuwo, ya yi dariya da dukan jikinsa. Ya kawo mini littafi mai bango shuɗi. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, don haka aka koya mini. Yana nan har yau a ƙasan akwatina, ban sa masa ko ɗigo ba.

Sai da damina ta zagayo Kawu ya zo rumfa shi kaɗai, da hantsi. Ina tsakar gida ina shanya, katanga ce kawai tsakaninmu. Da na ji ya rage murya, sai na kasa kunne. Na ce yau ce.

"Yaya, waigi nake so. Goma sha biyu. Na tasha duk tsagewa suke yi, naka kuwa babu irinsu."

Baba ya tsaya yana jiran sauran maganar. Ni ma ina jira, da jiƙaƙƙen zane a hannuna.

"Sai dai kada Alhaji ya ji daga nan suka fito," in ji Kawu. "Ka sa su a buhu. Ta bayan layi zan zo in ɗauka."

Can Baba ya ce, "Tayar irin ta da ce?"

"Irin ta da ce."

Kwana huɗu ya yi yana aikin. Ya kakkaɓe ƙiryar, ya ƙwanƙwasa kowace ya kara a kunne, bai rage komai ba. Na tambaye shi yadda ya iya. Ya ce baburan ba su yi masa laifi ba, haka ma wanda zai bi bayan tirelar a kan titi.

Ranar da ya gama ya jera su a bakin ƙofa, ya shigo da ƙusa a hannu ya miƙo mini.

"Uwata, ga 'yan tafiya suna jiranki."

Na dubi ƙusar. Na dubi murhu, da garwashi ja a ciki.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan sa ba."

Ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar. Ya dube ni, bai yi fushi ba, bai kuma roƙe ni ba. Ya mayar da ƙusar aljihu, ya fita. Ina jin sa yana saka su a buhu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nauyinsa, sannan ya ɗaure bakin buhun ya ja shi zuwa ƙofar baya.