Ranar da Inji Ya Ƙi Sakin Kawu

Kawuna mai yasar rijiya ne. Ƙauyukan da ke tsakanin Daura da Babban Mutum, in rijiya ta cike da yashi ko akuya ta faɗa ciki, shi ake aika wa babur. Da samarin da ke ja masa igiya suka watse ci-rani, sai na haɗa masa injin ja, don lantarki na karanta, ina kuma da 'yar rumfar gyara a Daura.

Batir ke juya injin, yana naɗe igiya ta kan kwarkwaron ƙarfe da muke gittawa a bakin rijiya. Wani ɗan allon lantarki ke ba shi umarni: ka danna ya ja, ka saki ya tsaya. Irin allunan nan sukan sandare kamar yadda waya ke yi, su ci gaba da abin da suke yi ba sa jin kira. Shi ya sa na ƙara masa wani ɗan guntu dabam da muke ce wa mai gadi. Dole allon ya riƙa taɓa shi a kai a kai; in ya ji shiru, sai ya katse komai ya tashi allon daga farko. Da buhunan yashi kawai na taɓa gwada shi.

Wata ranar bazara muka je wata rijiya mai zurfi a gefen wata ruga. Kawu ya ɗaure igiya a ƙugu ya sauka, ya yi ta turo laka har rana ta take. Can ya girgiza igiyar, alamar in fito da shi. Na danna. Da na hango furfurarsa ta kusa baki sai na ɗage yatsana.

Injin bai tsaya ba.

Na sake dannawa na saki. 'Yar fitilar da ke ƙiftawa a jikin allon ta tsaya cak. Batirin yana can ƙetaren rijiyar, wayarsa ɗaure da noti. Igiya na ta naɗuwa, kan kawu na nufar ƙarfen nan. Ya ɗago ido ya dube ni.

"Ɗan nan, ya isa haka."

Na cafki igiyar da hannu biyu, ta zare ta cikin tafina kamar wuta. Wani dattijo makiyayi da ke jiran shayar da shanunsa ya fara salati. Na ga kawu ya ɗaga hannu ya kare kansa, yatsunsa sun taɓa ƙarfen.

Sai na ji ƙas. Injin ya mutu, birki ya kama. Mai gadi ya ji shiru. Fitilar ta ɗauke, ta dawo tana ƙiftawa kamar ba a yi komai ba.

Kawu yana lilo, kansa a langaɓe ƙarƙashin kwarkwaron, kunnensa na jini. Ban yarda na sake taɓa allon ba. Ni da makiyayin muka kama shi ta hammata muka jawo shi kan daɓe. Daga nan na zauna cikin laka.

Ya daɗe yana maida numfashi, sannan ya ce, "Kai ka tsayar da shi?"

"A'a, Kawu. Shi ya tsayar da kansa."

"To, Allah ya tsayar."

Ya yi alwala da ruwan da ya yasa, ya ja mu sallar azahar. Ina bayansa ina kallon jinin da ke ɗiga a kafaɗarsa, na kasa riƙe karatun.

Sauran aikin da hannu muka ƙarasa, 'yan rugar suka kama mana igiya. Na kai injin rumfa na sa masa makatsin wuta babba, wanda hannu ke kai wa nan take, da wani abin da zai tsayar da shi in igiya ta kusa ƙarewa. Kawu ya ci gaba da sauka da shi har ya bar sana'ar. Ni kuwa ban ƙara riƙe masa madannin ba, sai dai wani ya riƙe. Nakan tsuguna kusa da makatsin, tafina a kai, har sai ƙafarsa ta taka ƙasa.