Gawayin da na shigar ɗakinmu a Guangzhou

Ni na hana shi ɗauko kayan sanyi. Sau uku na je Guangzhou kafin wannan tafiyar, duka a lokacin zafi. Da taubashina ya tambaye ni abin da zai zuba a jaka, sai na ce, “Garin rana ne, ga teku kusa. Riga biyu ta ishe ka.” Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara uku. Takalma yake sayarwa a Sabon Gari, kuma in ban da aikin Hajji bai taɓa fita ƙasar waje ba. Mun sauka a farkon shekarar da China za ta karɓi wasannin Olamfik, muka tarar da sanyin da su kansu 'yan garin suke cewa sun daɗe ba su ga irinsa ba.

Masaukinmu yana wani lungu bayan titin Guangyuan, hawa na huɗu. Ɗaki ne mai gado biyu, banɗaki ɗaya na kowa da kowa a ƙarshen baranda. Yawancin mutanen ciki 'yan kasuwa ne daga Kano da Nijar. Mai gidan wata mata ce gajera mai faɗa, muna ce mata lawban kamar yadda ake ce wa duk mai shago a can. Na roƙe ta hitar ɗumama ɗaki, ta kaɗa hannu ta ce, “Meyo.” Babu ke nan. Ranar da aka samu rana, waje ya fi ɗaki ɗumi, sai ka ga dattawa sun hau rufin bene sun jera kamar ƙadangaru.

Taubashina bai raga mini ba. Kullum da safe daga cikin bargo zai ce, “Bawana, ina ranar taka? Ko a aljihu ka ɓoye ta?”

“Tsufa ne ya kama ka,” in ji ni, “kada ka ɗora wa garin mutane.”

“Allah ya isa tsakanina da Bakanon da ya je China sau uku bai san tana da hunturu ba.”

A kwana na huɗu ya fara tari. Na je kasuwar tufafi ta Baima na sayo masa ƙatuwar rigar sanyi, amma ina, sanyi ya riga ya shige shi. Yana alwala yana karkarwa. Na rasa yadda zan yi, don ni na kawo shi.

Sai na tuna kaskon garwashin da iyayenmu suke sa wa a ɗaki lokacin ɗari. A bakin lungunmu akwai wani Musulmin China mai farar hula da yake gasa tsire. Na nuna masa buhun gawayinsa, ya cika mini leda yana dariya. Na sayi kwanon ƙarfe, na hura wutar a kan rufin bene, na sauko da ita a ɓoye. Na san an hana. A bayan kowace ƙofa akwai hoton wuta da aka ja wa jan layi. Kuma a satin nan sau biyu 'yan sanda suka zo duba fasfo, har suka tafi da wani mutumin Tahoua. Ana ta cewa saboda wasannin, duk wanda sunansa ya shiga takardarsu ba zai ƙara samun biza ba. Don kada lawban ta ji ƙauri, na liƙe gefen taga da salatif ɗin da muke ɗaure kwali da shi. Ɗakunanmu na gida suna da kafofi ta sama da ta ƙasa, ƙofa ma labule ne. Wannan gilashi ne da ƙarfe. Ko kaɗan ban yi wannan tunanin ba.

Bayan azahar ɗakin ya yi ɗumi. Ya miƙe ƙafa ya ce, “Yau kam ka yi abin kai. Je ka, na 'yanta ka.” Na ce idan na fita ya cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa. Na tafi kasuwar Zhanxi duba takalman da ya zaɓa.

Tun a hanya kaina yake sara. A shagon na ji zuciyata tana tashi, mai shagon tana nuna mini kwalaye ban san abin da take cewa ba. Na kira wayarsa, ba a ɗauka ba. Na ce barci yake. Na sake kira, na sake. Sai na tuna shi mutum ne da ƙarar cokali take tayarwa. Na bar kwalayen a buɗe na fito da gudu.

Da ƙyar ƙofar ta turu saboda tawul. Yana kwance a gefen gado, ya yi amai, yana wani irin minshari da ban taɓa ji ba. Na girgiza shi, na kira sunansa, shiru.

Abin da na yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ban yi ihu ba. Na ɗauki kwanon da tawul, na leƙa baranda, na kai shi banɗaki na juye garwashin a masai, na tura kwanon bayan bokitai. Na dawo na ɓare salatif, na buɗe taga. Sannan na yi ihu.

Mutanen Nijar biyu suka kama mini shi muka sauko, aka tare tasi. A asibiti likitan yana jin Turanci kaɗan. Ya tambaye ni me ya ci, yana da ciwon suga, yana da hawan jini. Sannan ya ce, akwai wuta ko gas a ɗakin? Na dubi ɗan sandan da yake tsaye a bakin ƙofar asibitin, na ce babu, sanyi ne kawai. Suka tura shi ɗaukar hoton kai, suna zaton jini ne ya fashe.

Na zauna a benci. La'asar ta wuce ban tashi ba. Sau biyu na miƙe zan je in faɗa, sau biyu na koma na zauna. Ina ce wa kaina likitoci ne, za su gano da kansu. Ina jan carbi ina roƙon Allah ya tashe shi, alhali maganar da za ta taimake shi tana bakina.

Kusan awa biyu sai ga lawban ta shigo da leda a hannu. Masai ya toshe, ta je dubawa ta ga gawayi. Ta wuce ni ko kallo babu, ta zaro baƙin kwanon ta ajiye a gaban likita tana magana da ƙarfi. Nan take wurin ya canza. Aka sa masa abin shaƙar iska, aka gudu da shi wani ɗaki. Likitan ya tsaya ya dube ni, ya bi su.

Washegari da hantsi ya farfaɗo. Lawban ba ta kira 'yan sanda ba. Abin da ta ce kawai, ranar da aka sallame shi mu nemi wani masauki. Wani Alhaji ɗan Maraɗi mai jin yarensu ya tambayar mini likita ko zai warke sarai. Ya ce a irin wannan ciwon lokaci ne komai, kuma ba wanda zai iya faɗin abin da aka rasa.

Mun dawo Kano da rai. Da farko kamar lafiya. Bayan 'yan makonni ya fara manta farashin kayansa, ya fara tambayar tsofaffin abokan cinikinsa su waye. Kafin shekara 'ya'yansa suka karɓi shagon. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya nuna ni ya ce, “Wannan bawan nawa shi ya ceci raina a China.” Ni kuwa in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunya ce.

Na yi shekaru a haka. Sai da na yi wata jinya da na zaci ba zan tashi ba, sannan na je na same shi a zaure. Na faɗa masa komai, da kwanon, da masai, da abin da na ce wa likita. Na ce ya yafe mini. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai.

Ya ce, “A ina aka yi wannan?”

Na ce, “A China, Yaya.”

Ya dube ni ya ce, “Mun taɓa zuwa China ni da kai?”

Na zauna da shi har aka kira magariba. Da muka fito daga masallaci na ja babban ɗansa gefe, na faro masa labarin daga farko.