Kunnen Na'Allah

Na'Allah, yayan kakata Dela, maharbi ne a Geza, kuma ban taɓa jin labarin mai tsirfa wajen sayen kayan ɗurin bindiga kamarsa ba. Dalmar da zai narka ya yi harsashi sai ya gatsa ta da haƙori. Sandar ɗuri kuwa, ya taɓa wuni uku yana zagaya bakin kogin Kwara kafin ya sami reshen da ya yi masa. 'Yan kasuwa na hango shi sai su fara salati.

Albarushi ne dai ya fi ba shi wahala. Ba ya sayen na kusa. Da asuba zai saɓa buhunsa ya bi hanyar shanu, ya tsallaka ƙasar Dahome ba tare da ya san inda iyakar take ba. A can zai tsuguna gaban mai kaya, ya ɗebi albarushi, ya rufe ido, ya riƙa zuba shi a hankali cikin ƙoƙo dab da kunnensa. Ya ce mai kyau yana sauka kamar yayyafi a kan rufin ciyawa, wanda ya sha danshi ko aka cuɗa da gawayi kuwa shiru yake faɗuwa. Wani lokaci yakan daɗe a haka yana murmushi, har mai kayan ya taɓa shi ya ga ko barci ya ɗauke shi.

Shekarar da aka sami mulkin kai, mijin Dela ya rasu ya bar mata gonar dawa guda da 'ya'ya huɗu. Dawa ta fara nuna sai aladun daji suka gano ta. In gonar ta tafi, abincin shekara ya tafi.

"Kwantar da hankalinki," in ji Na'Allah. "Ni ka maganinsu."

Ya je Dahome, ya tsuguna, ya rufe ido, ya zuba. Bai ji komai ba. Damina biyu ke nan kunnen ya mutu, bai gaya wa kowa ba. Girman kai ya hana shi ya ce wani ya saurara masa. Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, ya saya. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, kuma ina jin tausayinsa.

Gari na wayewa, hazo kwance a kan fadama, aladun suka fito su tara. Ya auna babban, ya ja kunama. Bindigar ta yi fus, ta saki hayaƙi kaɗan. Ya sake ɗurawa, haka. Kafin hantsi kusan rabin gonar ya kwanta.

Dela ta same shi zaune a kan kunyar gonar.

"Yaya, mi ya hwaru?"

Yana kallon bakinta, ba idonta ba. A nan ta gane.

"Ba ni ji, Dela. Na daɗe ba ni ji."

Ya miƙe ya koma gida, ya rataye bindigar, ya ɗauko tsohuwar garwar kananzir da icce. Tun daga ranar har aka yanke dawa, mutanen Geza da Lafagu suna jin ƙarar garwa daga gonar Dela safe da yamma. Sauran dawar ta tsira, ita uwata ta ci ta girma. Shi kaɗai ne a duk yankin bai taɓa jin ƙarar da yake yi ba.