Cinyar Ragon da Na Kai Baguida

Ko zan manta da sunana, ba zan manta da Babbar Sallar da na ɗauki cinyar rago a ka daga Zongon Lomé har garin Baguida ba. Kuma bakina ne ya jawo mini. Kwaɗayin cinya ya sa na yanke fatawa, alhali ko izu biyu ban haɗa ba.

Mijin yayata ɗan ƙabilar Ewe ne, masunci, wanda ya musulunta shekara guda kafin aurensu. A zamanin nan gwamnati ta ce kowa ya yar da sunan Turawa, sai ya zamana bawan Allah ya sake suna har sau biyu: ya ajiye na makaranta, ya koma na gida, sannan liman ya raɗa masa na Musulunci. Mahaifiyarsa kuwa mai bautar gargajiya ce, tun ranar da ya yi kalmar shahada ta daina yi masa magana.

Mu da muka gaji addini, alwalarmu kamar ta mage ce, shafa nan shafa can, mun wuce. Shi kuwa in ya tsuguna da buta, sai ka je kasuwa ka dawo bai kai ga ƙafa ba. Ga tambayar tsiya! Komai aka yi sai ya ce, “Wannan addini ne ko al'ada?” Mu kanmu ba mu taɓa raba su ba.

A wannan shekara ya yi layyarsa ta farko. Washegari ana rabon nama, sai na ga ya ware cinya guda, ƙatuwa kamar ta raƙumi, ya ce ta mahaifiyarsa ce. Tun jiya nake zawarcin cinyar nan!

Na gyara murya na ce, “Yaya, ai naman layya ba ya shiga gidan da ba a salla. Haramun ne.”

Kakarmu, wadda ke kan kaskon suya, ta ce, “Yau dai maigidana ya yi gaskiya. Mu haka muka taso muka gani.”

Na zaci zai yi musu. Sai kawai ya ajiye wuƙa, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, “Kaka, in Allah ya hana, na bari. Amma bari in ji daga bakin liman.” Ya ja ni da hannu, mai fatawa, har zauren liman.

Liman ya saurare mu, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “Kai, a wane littafi ka gani?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, littafin yana wurin Kaka.”

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce wa Yaya, “Uwa uwa ce, ko ba ta bi ka masallaci ba. An umarce ka da kyautata mata. Kai mata.” Sannan ya nuna ni: “Wannan shehin shi zai ɗauka.”

Haka muka shiga motar Baguida, ni da kwano a ka, ƙudajen Lomé kaf suna yi mini rakiya. A shingen hanya wani soja ya buɗe kwanon, ya daɗe yana kallo, na ce a raina ashe ba ni kaɗai ba ne.

Mun tarar da tsohuwar tana ƙyafa kifi a bakin teku. Yaya ya durƙusa, ya ce, “Dada,” wato uwa a harshensu. Ta dubi naman, ta dube shi, ta tashi ta shige ɗaki. Yaya ya ci gaba da durƙuso a kan yashi. Ni ma nan na daina jin daɗin wasan.

Sai ga ta da tukunya sabuwa fil. Ta yi magana cikin faɗa, Yaya ya fassara mini yana dariya yana kuka. Wai tun da ta ji Musulmi ba sa cin abin da alade ya taɓa, ta sayi tukunyar ta ɓoye, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Wai shi ne sakaran da bai zo ba!

Jama'a, ranar na ci nama da barkono da tuwon masara har wandona ya nemi agaji. Da la'asar ta yi, ita da kanta ta kori awaki, ta share wa ɗanta wurin salla. Ni ma na yi alwala a nitse, karo na farko a rayuwata, don kunya.

Tun daga ranar na gane cewa gadon addini daban, saninsa daban, kuma na daina cewa haramun kafin in tambaya. Tsohuwar ba ta musulunta ba har ta rasu. Amma kowace Sallah cinya na zuwa Baguida, kwandon ƙyafaffen kifi na dawowa Zongo, kuma Kaka ce ke fara sa hannu.